Ƙullin Bahaguwa

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo tun safe wai na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, ni ma sau uku ina gogewa kafin shafin nan ya tsaya. Wadda kuma ta ce in tausaya wa Bahaguwa, 'yar'uwa, ba ni na aike ta ba. Ku gyara zama.

*

Ƙarfe goma Kawu ya ce zai zo da mota, goma da rabi likita zai cire wa Mama bandejin ido. Agogon falo kuwa har ya wuce tara, sai sauri yake kamar an koro shi.

Bahaguwa na tsaye a ƙofar ɗakin Mama da kofin shayi a hannu. Shayin ya huce tun ɗazu, ita ba ta ma sani ba. 

Duk 'yar da aka ce uwarta za ta ga haske yau bayan shekara huɗu a duhu, murna ce ya kamata ta hana ta zama. Ita kam tsoro ne ya hana ta. Shekara huɗu ana lallashin Mama ta yarda a cire mata yanar ido, tana cewa abin da ta gani a duniya ya ishe ta. Sai ranar Talatar makon jiya, babu gaira babu dalili, ta ce a kai ta. Jiya aka yi wa ido ɗaya aiki. Ana turo ta daga ɗakin tiyata, ko ruwa ba ta nema ba, ta ce:

"Abin da zan fara ɗora idona a kai, rubutun ɗana ne."

Kawu ya yi dariya, ma'aikatan jinya suka ce Allah sarki. Bahaguwa ce kaɗai ta kama ƙarfen gado don kar ta faɗi.

Domin rubutun ba nasa ba ne, nata ne.

Shekara uku ke nan da kamfanin jirgin ruwan da Yaya ke wa aiki ya aiko da takarda shago: jirgi ya nitse, an ciro wasu, shi ba a gan shi ba. A makon da takardar ta zo Mama na kwance a asibiti jininta ya hau, likita ya ce ko ƙofa kar a buga da ƙarfi kusa da ita. Sai Bahaguwa ta ninke takardar ta tura bayan keken ɗinki, ta zauna ta rubuta wa Mama wasiƙa da sunan Yaya. Guda ɗaya tak, in ji ta, kafin Mama ta ji sauƙi. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tata dai ta haifi goma sha ɗaya, duk suna cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadon Mama.

Ambulan ɗin ba su ba ta wahala ba, sana'ar gidansu ce. Mama ce ta kafa shagon: ambulan na yadi mai surfanin fure ko tsuntsu a kusurwa, da takardar rubutu mai ɗinkakken gefe. Ba a manne bakinsa da gam, da zare ake ɗinke shi, mai karɓa ya farke. Su biyun duk a gaban Mama suka koya, don haka ta san ɗinkin Yaya sarai, mai komawa sau biyu a kowane takun allura. Da hannun dama take kwaikwayonsa, tana yi tana soke yatsa, don ta san yatsun Mama sun fi idon wasu gani.

Rubutun ne ba ta taɓa damuwa ta sauya ba. Wa zai gani? Ita ke rubutawa, ita ke karantawa. Ga shi nan a kwance ta baya irin na bahagwai, tawada duk ta goge inda gefen hannunta ya bi ta kai. Ko daga ƙofa Mama ta hango shi, ta gama ganewa.

Ta leƙa. Mama na jingine da matashi, bargo har ƙirji, farin bandeji a idon dama, numfashinta a hankali.

Ta ajiye kofin, ta cire takalmi, ta durƙusa a gefen gado. Za ta ɗauke gwangwanin ta kai shago. Abin da za ta ce in an tambaya, ba ta sani ba tukuna. Ta zura hannu ƙarƙashin gadon. Ta taɓo tsohon takalmi. Ta taɓo ledar ƙyallaye. Ta ƙara kwantawa har kuncinta ya taɓa siminti.

"Ba ya nan."

Saura kaɗan ta buga kai da katakon gado.

"Mama! Ashe idonki biyu."

"Ido biyu a ina? Ɗaya a naɗe, ɗaya a rufe. Kunne dai nake da shi biyu. Me kike nema?"

"Shara… shara nake son yi kafin mu fita."

"Da hannu? Ina tsintsiyar?"



Mama ta yaye bargon. Gwangwanin na kan cinyarta, ta ɗora hannu biyu a kan murfin.

"Tashi ki zauna nan."

"Mama, Kawu ya kusa zuwa, ba ki ko sa kaya ba."

"Kawunki in ya ce goma, sha ɗaya yake nufi. Zauna. Ba ni hannunki."

Ta miƙa na dama.

"Na hagun."

Murfin ya yi ƙara. Mama ta lalubo ambulan guda, shuɗi mai fararen furanni, wanda Bahaguwa ta kwana biyu tana yi wa surfani bara. Ta sa babban yatsa a ciki, ta juya shi ciki ya koma waje, yadda ake juya safa.

"Me nake gaya muku tun kuna yara in kun kawo mini aiki?"

Bahaguwa ta amsa: "Gaban aiki na mai saye ne, bayansa na mai ɗinki."

"Ashe kin riƙe. To ji nan." Ta ja yatsan Bahaguwa ta bi da shi ta kan ɗinkin bakin ambulan, inda reza ba ta ci ba. "An koma sau biyu a kowane taku, irin na yayanki. Da hannun dama aka yi, kuma an sha wuya, allurar har tuntuɓe take. Na yaba. Amma da aka zo ƙarshe an gaji, sai aka mayar da allura hannun da ya saba da ita. Taɓa ƙullin."

Ta taɓa. Ɗan ƙulli ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Ƙullin kowa dama yake kwanciya. Mutum ɗaya na sani a duniya da nasa ke kwanciya hagu. Na bugi hannun nan ya fi a ƙirga, ya ƙi jin magana, har na haƙura na laƙaba miki sunan."

A waje wani mai kura ya wuce yana ƙwala kira. Shekara uku Bahaguwa tana gadin ɗinki, tana gadin murya, tana ƙirƙiro sunayen garuruwa da kalar teku, ashe ƙofar baya a buɗe take.

"Tun yaushe, Mama?"

"Tun ta farko."

"Tun ta…"

"Ko ba ƙulli ma. Yaron da sannu sai an roƙe shi, shi ne zai cika shafi biyu yana tambayar ciwon gwiwata? Har da cewa in rage gishiri? Wannan ai bakinki ne, 'yar nan."

Dariya ta so zuwa mata, kuka ya riga ta.

"To me ya sa ba ki yi magana ba? Kika bar ni ina zama a nan ina karanta miki, kina cewa in maimaita, kina sa masa albarka…"

"Albarkar ai ta san inda take zuwa." Mama ta mayar da ambulan ɗin daidai, tana lailaye shi a kan gwiwa. "In na yi magana, dole in tambaye ki dalili. Dalilin nake tsoro. Na ce muddin yarinyar nan na da ƙarfin yin ƙarya, ni ma ina da ƙarfin ji."

Hannunta ya tsaya.

"Yau na shirya. Ina ɗana?"

"Mama, don Allah. Likita ya ce kar ki yi kuka, kar ki sunkuya, kar ranki ya ɓaci. Ɗinkin idon ɗanye ne."

"Ni za ki gaya wa ɗanyen ɗinki? Ina ɗana?"

"Bari mu dawo daga asibiti."

"Bahaguwa."

"Kin sha maganin jinin kuwa da safe?"

"Na sha. Ina ɗana?"

Bahaguwa ta zame daga bakin gadon ta durƙusa, ta riƙe ƙafafun Mama ta cikin bargo. Idonta na kan jijiyar wuyan tsohuwar, tana kallon yadda take harbawa. Da tana da iko, da ta sa hannu ta riƙe jijiyar nan kafin ta buɗe baki.

"Takarda ta zo daga kamfaninsu. Lokacin kina asibiti. Sun ce jirginsu ya nitse. Sun ce an ciro mutum tara. Ba ya ciki."

Mama ba ta motsa ba.

"Mama?"

Ta girgiza mata ƙafa.

"Mama, ki yi magana, don girman Allah! In kira likita?"

"Sun ga gawarsa?"

"A'a."

"Sun aiko da kayansa?"

"A'a. Takardar kawai."

"Shekara uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai."

"Na ji tsoro ne. Na ce in kika ji, ke ma za ki tafi ki bar ni. Ki yafe mini, Mama."

Mama ta ja dogon numfashi ta sauke. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi kukan tayar wa Bahaguwa hankali. Sai ta turo gwangwanin gabanta.

"Nawa kika rubuta?"

"Goma sha ɗaya."

"Ƙirga."

"Na san adadinsu, Mama, ni na…"

"Na ce ki ƙirga."

Ta share ido da bakin mayafi ta fara. Mai fararen furanni, ɗaya. Mai tsuntsu a kan reshe, biyu. Mai jirgin ruwa da ta yi da zaren ruwan toka, uku. Kowanne ta ɗaga, sai ta tuna ranar da ta yi shi da ƙaryar da ke ciki. Tara. Goma. Goma sha ɗaya.

Akwai saura a ƙasan gwangwanin.

Ba yadin shagonsu ba ne. Wani kakkauran yadi ne mai kaushi, kalar ƙasa, ba fure ba tsuntsu. An ɗinke bakinsa da baƙin zare mai kauri, kuma ba a farke ba. A tsakiya an ɗinka 'yar farar takarda mai adireshi, da kan sarki har uku na wata ƙasa da ba ta sani ba.

Ta ga rubutun adireshin. Manyan baƙaƙe a tsaye ƙiƙam, an danna biro kamar ana faɗa da takardar.

Gwangwanin ya suɓuce daga cinyarta ya faɗi, ambulan suka watse a siminti.

"Litinin ɗin makon jiya," in ji Mama, "kina shago. Mai kawo wasiƙu ya ƙwanƙwasa, na lallaba na buɗe, ya sa mini a hannu. A tsaye a bakin ƙofar na shafa. Taɓa ƙullin."

Ba sai ta taɓa ba. A waje yake, ƙato, kwance dama, an bar masa wutsiyar zare ta kai tsawon yatsa.

"Shekara nawa ina faɗa da shi a kan wutsiyar nan? Ka yanke, ka ɓoye ƙullinka a ciki. Ya ce wai wa zai duba. Malalacin banza." A nan ne muryar Mama ta karye. "Matacce ba ya ɗinki, Bahaguwa."

"Yaya…" Ta rungume ambulan ɗin a ƙirji. "Yaya na da rai. Mama, yana da rai! Kwana goma kina da wannan ba ki gaya mini ba?"

"Ke shekara nawa kika yi?"



"Shi ya sa kika ce a kai ki aikin ido."

"To wa zan ba ya karanta mini? Kawunki, da kafin ya kai layi na biyu duk dangi sun ji? Ko ke?"

Kalmar ta shige ta har ƙashi, kuma ba ta da bakin cewa ba ta cancanta ba.

"Na ce wannan kam da idona zan karanta, ko da wuƙa za a buɗe shi," in ji Mama. "Sai jiya, da kika tafi karɓo magani, likita yake gaya mini wai ko an cire bandejin, haske kawai zan gani da fuskokin mutane. Karatu sai bayan sati huɗu, in an yanka mini tabarau. Sati huɗu! Kwana goman nan ma yadda na yi su, ni da Allah muka sani. A ƙarƙashin matashina take kwana, ina jin ta kamar garwashi."

Ta lalubo kan Bahaguwa, ta dafa.

"Sai na yanke wa kaina shawara. Na ce in yarinyar nan ta faɗa mini gaskiya da bakinta kafin mu fita, zan ba ta ta karanta. In ta ƙara yi mini kwana-kwana, zan jira, ko wata huɗu ne. To kin faɗa. Ɗauko reza a kan taga."

Bahaguwa ta miƙe. Ta ɗauko rezar, ta dawo ta zauna.

"Tsaya." Mama ta riƙe mata wuyan hannu. "Kafin ki farke. Akwai sauran wani abu da kike ɓoye mini? In akwai, ki zazzage shi yanzu, mu wanke gaba ɗaya. Ba na son in ƙara shafa maganarki ina neman ƙulli."

Akwai.

Shekara biyar ke nan, ranar da Yaya zai tafi. Sun yi kwana uku ba sa magana da Mama a kan zai bar shago ya bi jirgi. Ya tsaya a ƙofar gida da jakarsa, ya kasa shiga, ya ce, "Ƙanwata, je ki tambayo mini ita, in shigo in yi sallama?" Ita kuwa ranta a ɓace yake, zai tafi ya bar mata shago da uwar da ido ya fara gagara. Ta shiga gida, ta tsaya a bayan labulen ƙofar Mama, ta ƙirga ashirin, ta fito. Ta ce masa Mama ta ce ya tafi, ba ta son ganinsa, kuma kar ya rubuto. Da yamma ta ce wa Mama ya tafi ko waiwaye bai yi ba. Bai rubuto ba kuwa, har ranar da takardar kamfani ta zo.

Ba wanda ya san wannan. Ko a cikin wasiƙu goma sha ɗayan nan, shi ta sa ya nemi gafara.

Ta buɗe baki.

Hon ɗin mota ya tashi a ƙofar gida, sau biyu. Yau Kawu ya ga damar cika alkawari.

Ta kalli bandejin. Ta kalli jijiyar wuyan. Ta kalli hannun da ke riƙe da nata, hannun da yanzun nan ya dafa mata kai.

"Babu, Mama."

"Alhamdu lillahi. Farke."

Zaren ya yi tauri, sai da ta bi shi taku-taku, rezar na zamewa. Mama ta karkato kunne tana jin kowane tsinkewa, leɓunanta na motsi. Takarda ɗaya ce a ciki, an yago ta daga littafin rubutu, an ninke huɗu. Ta warware.

Ba gaisuwa, ba kwanan wata. Layin farko an ja masa layi a ƙasa har biro ya huda takardar.

*Mama, in Bahaguwa ce ke riƙe da takardar nan, ki karɓe abinki, ki ba wani ya karanta miki. Sai bana na san ba ke kika ce in tafi ba. Ko ɗakinki ba ta shiga ba ranar.*

"Ku fito mana!" Muryar Kawu ce daga tsakar gida, yana kaɗa makullin mota. "Likita ba zai jira mu ba fa!"



Mama ta gyara zama, ta haɗa hannuwanta a kan cinya, ta juyo da fuskarta mai bandeji. Murmushi take, irin wanda Bahaguwa ta shekara biyar ba ta gani ba.

"Na ji kin buɗe. Karanta a hankali, 'yar albarka, kar ki tsallake mini ko kalma ɗaya."

Ta matso kusa.

"Me ɗana ya ce?"